Fatalwa da Wuƙa a Hannu: Tarihin Haɗuwar Labarin Fatalwa da Fim ɗin Sara da Suka

Fina-finan ban tsoro na ƙasashen Turawa sun daɗe suna tafiya a kan rassa da dama, amma biyu daga cikinsu, waɗanda asalinsu da manufarsu suka sha bamban, sun haɗu a tsakanin 1978 da 1992 har suka haifar da nau'i na uku da ake ci gaba da shiryawa zuwa yau. Reshe na farko shi ne labarin fatalwa, wato ruhin mamacin da labarin ke riya cewa bai sami kwanciya ba saboda wani haƙƙi da aka danne masa, don haka yake dawowa ya hana masu rai sakat. Na biyun shi ne wanda Turawa ke kira slasher, wanda a nan za a kira fim ɗin sara da suka, domin ginshiƙinsa makashi ne guda, galibi fuskarsa a rufe, yana farautar rukunin matasa ɗaya bayan ɗaya da wuƙa ko adda ko gatari, har sai mutum ɗaya ya rage. Abin da ya fara haɗa su neman kuɗi ne, tun da makashin da ba ya mutuwa ya fi ɗan Adam daɗewa a kasuwa, amma haɗin ya zo da wani abin da masu zuba jari ba su nema ba, wato tambayar laifin da al'umma ta binne da kuma wanda zai biya shi.

Kafin haɗuwar, fatalwar sinimar Turawa galibi ba ta zubar da jini. A The Uninvited na 1944, da The Innocents na 1961 wanda Jack Clayton ya gina a kan gajeren littafin Henry James na 1898, da The Haunting na 1963 wanda Robert Wise ya ɗauko daga littafin Shirley Jackson, tsoron yana fitowa ne daga tsohon gida, da sanyin da ke shiga ɗaki ba dalili, da muryar da ba a san mai ita ba. A fim ɗin Wise ba a nuna fatalwar ko sau ɗaya ba; abin da mai kallo ya samu shi ne bugun bango da tsakar dare da wata ƙofar katako da ke kumburowa ciki kamar ana tura ta daga waje, kuma har aka tashi ba a raba gardama ba ko gidan ne ke da abin ko kuwa tunanin jarumar ne ya taɓu. Wannan kamun kai yana da alaƙa da al'adar rubutun da aka gada, yana kuma da alaƙa da dokar tace fina-finai ta Hollywood da aka fi sani da dokar Hays, wadda aka tsananta aiki da ita daga 1934, ta hana nuna kisa dalla-dalla, ba a kuma yi watsi da ita ba sai a 1968 lokacin da aka koma tsarin rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo.

Shi kuwa reshen sara da suka ya tsiro ne daga labarin laifi da binciken taɓin hankali. Psycho na Alfred Hitchcock da Peeping Tom na Michael Powell, dukansu na 1960, sun sa makashi a tsakiyar labari, kuma abin lura a Psycho shi ne Norman Bates yana magana da muryar mahaifiyarsa da ta mutu yana sanye da tufafinta, wanda ya yi kusa da labarin fatalwa matuƙa, sai dai a ƙarshe an kawo likitan ƙwaƙwalwa ya warware komai da bayanin rashin lafiya. A Italiya, Mario Bava ya ƙara wa salon makashi mai baƙar safar hannu da kisa iri-iri a Blood and Black Lace na 1964 da A Bay of Blood na 1971, sannan a 1974 aka sami The Texas Chain Saw Massacre na Tobe Hooper a Amurka da Black Christmas na Bob Clark a Kanada. Duk waɗannan makasan mutane ne masu nama da jini, suna gajiya, ana iya ji musu ciwo, kuma harsashi ɗaya zai iya kawo ƙarshen labarinsu.

Halloween na John Carpenter, wanda ya fito a 1978, shi ya fara sassauta wannan ƙa'ida. An shirya shi da kusan dala dubu 300, ya kuma samo kusan dala miliyan 70 a duniya, kuma wanda ya zuba kuɗin shi ne Moustapha Akkad, haifaffen birnin Halab na Siriya, wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka fi sani da The Message na 1976 a kan farkon Musulunci da kuma fim ɗin Umar Mukhtar na 1981. A labarin, Michael Myers ya kashe yayarsa yana ɗan shekara shida, ya tsere daga asibitin masu taɓin hankali bayan shekara goma sha biyar, ya koma garinsu yana bin 'yan mata masu renon yara. Har zuwa mintunan ƙarshe ana iya ɗaukarsa mutum ne, amma da likitansa ya harbe shi sau shida ya faɗo daga bene, aka leƙa ƙasa babu gawa, sai kyamara ta riƙa nuna ɗakuna da tituna babu kowa, ana jin numfashinsa kawai. Daga wannan fim ne kuma aka sami tsayayyen siffar abin da Carol Clover, a lokacin malama a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta kira yarinyar ƙarshe a littafinta na 1992, wato budurwa mai lura da nutsuwa wadda ita kaɗai ke tsira bayan an gama da ƙawayenta.

Michael Myers dai bai mutu ba balle a kira shi fatalwa, don haka haɗin na sosai ya zo ne a fim ɗin Carpenter na gaba, The Fog, wanda ya fito a farkon 1980. Garin Antonio Bay da ke gaɓar tekun Kalifoniya yana shirin bikin cika shekara ɗari da kafuwa, sai wani dutse ya ɓallo daga bangon coci ya tono littafin da kakan limamin cocin ya ɓoye, a ciki kuwa an rubuta yadda mutum shida daga cikin waɗanda suka kafa garin suka kunna wutar yaudara a bakin teku a 1880, suka jawo jirgin ruwan wasu kutare ya daki duwatsu ya nitse, don kada kutaren su zauna kusa da su, suka kuma kwashe zinaren shugabansu suka gina garin da cocin. A daren bikin wani hazo mai haske ya taso daga teku yana tafiya gaba da iska, a cikinsa matattun jirgin ne riƙe da ƙugiyoyi da takubba, suna ƙwanƙwasa ƙofa kafin su kashe, kuma rai shida suke nema daidai da adadin waɗanda suka ci amanarsu. Tarihin shirya fim ɗin ma ya nuna haɗin a fili, domin Carpenter ya fara yinsa ne a matsayin labarin fatalwa irin na da, amma da ya kalli abin da aka haɗa ya ga bai tsoratar ba, sai ya koma ya sake ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku, ya ƙara sara da suka don ya yi gogayya da abin da kasuwa ke so a lokacin.

Jerin Friday the 13th ya nuna ɓangaren kasuwancin ƙarara. A na farkon, wanda Sean Cunningham ya shirya a 1980 da kusan dala dubu 550 ya kuma samo kusan dala miliyan 40 a Amurka, makashiyar uwa ce da ke ramuwar ɗanta Jason, wanda ya nitse a tafkin sansanin hutun yara a 1957 saboda sakacin masu kula da su, kuma an fille mata kai a ƙarshen fim ɗin. Da kamfanin Paramount ya ga riba, sai aka ɗauko Jason ɗin, wanda a na farko ya bayyana ne kawai a wani abu mai kama da mafarki, aka mayar da shi babban mutum a 1981, aka ba shi abin kare fuska na 'yan wasan hoki a 1982, aka kashe shi a 1984 a fim ɗin da aka sa wa suna babin ƙarshe. An gwada wani makashin da ke kwaikwayonsa a 1985 masu kallo suka ƙi, saboda haka a Jason Lives na 1986 aka tone kabarinsa, aka soka wa gawar ƙarfen shinge, tsawa ta faɗa a kan ƙarfen, ya tashi. Daga ranar marubuta suka huta da neman dalilin da ya sa bai mutu ba.

Wanda ya kai nau'in ga cikarsa shi ne A Nightmare on Elm Street na Wes Craven, wanda ya fito a watan Nuwamba na 1984, a daidai lokacin da masu kallo suka fara gundura da makashi mai rufe fuska. Craven ya ce ya samo tunanin ne daga rahotannin jaridar Los Angeles Times a kan wasu matasa 'yan gudun hijira daga kudu maso gabashin Asiya da suka riƙa mutuwa cikin barci, har da wanda ya yi kwanaki yana ƙin runtsawa don tsoron abin da yake gani. Manyan kamfanoni sun ƙi karɓar rubutun, sai ƙaramin kamfanin New Line Cinema na Robert Shaye ya ɗauka da kuɗin da bai kai dala miliyan 2 ba, fim ɗin ya samo kusan miliyan 25 a Amurka, ya kuma tsayar da kamfanin da ƙafafunsa har ana yi masa kirari da gidan da Freddy ya gina. Freddy Krueger, wanda Robert Englund ya fito a matsayinsa, makashin yara ne da kotu ta saki saboda kuskure a takardar izinin bincike, iyayen unguwar suka taru suka ƙone shi da rai, suka kuma haɗa baki suka yi shiru. Ya dawo yana shiga mafarkin 'ya'yansu da ƙonanniyar fuska, da riga mai ratsin ja da kore, da safar hannu mai wuƙaƙe huɗu, kuma duk raunin da ya yi wa mutum a mafarki yana bayyana a jikinsa a farke.

Kisan farko a fim ɗin ya isa misali. Wata budurwa mai suna Tina tana barci saurayinta na kusa da ita, sai ya ga rigarta tana tsagewa da kanta a wurare huɗu, wani abin da ba ya gani ya ɗauke ta daga gado ya ja ta a jikin bango har zuwa silin tana ihu, sannan ya sake ta ta faɗo. An ɗauki wannan ne a wani ɗaki da aka gina yana juyawa gaba ɗaya, an kafe kayan ɗakin da kyamara a jikinsa, ta yadda idan ɗakin ya kife mai kallo zai ga yarinyar ce ke hawa bango. Makashi ɗan Adam ana kulle masa ƙofa, ana kiran 'yan sanda, ana barin gari, amma barci babu mai guje masa, kuma mahaifin jarumar, Nancy, shi kansa babban ɗan sanda ne da bai iya tsinana mata komai ba. Hausawa na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, sai dai a wannan fim da The Fog alhakin ya tsallake masu shi ya faɗa wa 'ya'ya da jikoki, kuma ba a fara samun mafita ba sai da mahaifiyar Nancy ta sauka da ita ɗakin ƙasa ta ciro safar hannun da ta ɓoye tun ranar ƙonawar, ta faɗa mata gaskiya.

Nasarar Freddy ta jawo ambaliya, musamman da yake kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje, shagunan haya kuma suna neman kaya. Hello Mary Lou: Prom Night II na Kanada, na 1987, ya ɗauki sunan wani fim na 1980 mai makashi ɗan Adam ya mayar da labarin na fatalwar wata ɗaliba da ta ƙone a bikin makaranta a 1957. Child's Play na 1988 ya sa makashi Charles Lee Ray ya zuba ruhinsa cikin 'yartsana ta hanyar tsafi kafin ya cika, Craven kuma ya dawo da Shocker a 1989, inda wanda aka zartar wa hukuncin kisa a kujerar lantarki ya koma yawo ta wayoyin wuta da talabijin. Salon ya isa Indiya, inda 'yan uwan Ramsay, waɗanda suka mamaye fim ɗin ban tsoro na Mumbai a shekarun 1980, suka shirya Mahakaal a farkon shekarun 1990 a kan tsarin labarin Freddy, da waƙoƙi da barkwanci irin na fim ɗin Indiya. Amma yawan ya zo da lalacewa, domin a kashi na huɗu da na biyar na jerin A Nightmare on Elm Street, Freddy ya zama ɗan barkwanci da ke jefa habaici kafin kowane kisa, yana da shirin talabijin nasa, ana sayar da kayan wasa da fuskarsa, laifin iyayen da ya kafa labarin kuma an manta da shi. Kashi na huɗu ya samo kusan dala miliyan 49 a 1988, na biyar bai kai rabin haka ba a 1989, shekarar da Jason da Michael Myers su ma suka yi faɗuwar da ta sa Paramount ta saki jerin Friday the 13th.

Candyman na Bernard Rose, na 1992, ya dawo da nauyin da ya ɓace. Rose ya ɗauki gajeren labarin Clive Barker da ke faruwa a Liverpool ta Ingila ya mayar da shi Cabrini-Green, rukunin gidajen gwamnati a Shikago inda a wani lokaci mutum kusan dubu 15 suka zauna, mafi yawansu baƙaƙen fata matalauta. Fatalwar, wadda Tony Todd ya fito a matsayinta, ɗan tsohon bawa ne da ya zama gwanin zane, ya yi soyayya da 'yar wani farar fata mai dukiya a 1890, aka sa 'yan daba suka yanke masa hannun dama da zarto, suka shafe shi da zuma ƙudan zuma suka harbe shi har ya mutu, aka ƙone gawar aka watsa tokar a filin da daga baya aka gina gidajen. Duk wanda ya kira sunansa sau biyar a gaban madubi zai bayyana da ƙugiya a madadin hannu. Batun madubin yana da tushe a wani abin da ya faru da gaske a 1987, lokacin da aka kashe wata mata a wani rukunin gidajen gwamnati na birnin, bayan maharan sun shigo ta ramin da ke bayan akwatin madubin banɗakinta, wanda ya haɗe da gidan maƙwabta saboda arhar gini.

Jarumar, Helen Lyle, ɗalibar jami'a ce farar fata da ke bincike a kan almarar birni, wato labaran da mazauna gari ke yaɗawa baki da baki a matsayin gaskiya, kuma kuskurenta shi ne ta nuna wa mazauna unguwar cewa Candyman ƙage ne, alhali shi da imanin mutane yake rayuwa, don haka ya fito ya yi kisa ya ɗora mata. Fim ɗin bai tsira daga suka ba, domin wasu daraktoci baƙaƙen fata sun ga ya farfaɗo da tsohon hoton baƙin namiji mai farautar farar mace, wasu kuma suka tambayi dalilin da zai sa wanda fararen fata suka kashe ya riƙa addabar talakawan jinsinsa. Wannan tambaya ce Nia DaCosta ta ɗauka a ci gaban da ta shirya a 2021, shekara goma bayan rushe bene na ƙarshe a Cabrini-Green, inda ta mayar da Candyman sunan da ke tattara baƙaƙen fata da dama da aka kashe bisa zalunci a zamuna daban-daban, kuma da shi ta zama baƙar fata mace ta farko da fim ɗinta ya buɗe a matsayi na ɗaya a sinimomin Amurka.

Bayan Scream na 1996 ya mayar da kasuwar Amurka ga makashi ɗan Adam, sabon jini ya zo daga Japan, wadda ke da tsohuwar al'adar onryo, wato fatalwar wanda aka zalunta, yawanci mace, da ke dawowa ramuwa, kamar Oiwa ta wasan kwaikwayon Yotsuya Kaidan na 1825. Ringu na Hideo Nakata, na 1998, da Ju-On: The Grudge na Takashi Shimizu, na 2002, sun ajiye wuƙa amma sun riƙe tsarin mutuwa ɗaya bayan ɗaya bisa ƙa'ida: wanda ya kalli kaset ɗin Sadako, wadda aka jefa rijiya, yana da kwana bakwai, wanda kuma ya taka gidan da mijin Kayako ya kashe ta ya ɗauki la'anar ko da bai san komai ba. Kwaikwayon Ringu da aka yi a Amurka a 2002 ya samo kusan dala miliyan 249 a duniya. Final Destination na 2000 ya ƙara gaba, ya cire makashin gaba ɗaya ya bar mutuwa kanta tana bin waɗanda suka tsira daga haɗarin jirgin sama bisa jerin da ya kamata su mutu. Daga nan nau'in ya riƙa bin kayan zamani, kamar Unfriended na 2014, inda fatalwar ɗalibar da aka tozarta da bidiyo a intanet ke kashe abokanta a cikin hirar Skype, da jerin Fear Street uku da Netflix ta saki a 2021, wanda ya bi kashe-kashen wani gari daga 1994 zuwa 1978 zuwa 1666, ya gano cewa matar da aka rataye da sunan mayya ba ta da laifi, wani gida mai faɗa a ji ne ke sayar da rayukan talakawan garin don arzikinsa ya ɗore.

Idan aka auna waɗannan shekaru sama da arba'in, za a ga kowane reshe ya ba ɗayan abin da ya rasa: sara da suka ya ba fatalwa jiki da makami da saurin labari, fatalwa kuma ta ba makashi dalili da tarihi da rashin mutuwa. Rashin mutuwar shi ne ya cika aljihun kamfanoni, har Freddy vs. Jason na 2003 ya samo sama da dala miliyan 110 ba tare da ya ƙara wa labarin ko ɗaya daga cikinsu wani abin kirki ba. Dalilin kisan kuwa shi ne ya raba fina-finan da ake nazari a jami'o'i da waɗanda aka manta da su. The Fog da A Nightmare on Elm Street na farko da Candyman sun daɗe ne saboda kowannensu ya ɗora kisan a kan zaluncin da mutanen gari suka sani suka rufe, jerin da suka yar da wannan tushe kuwa sun koma lissafin gawarwaki, kuma kasuwar da ta haife su ita ta fara juya musu baya.